ISTIHARA: NEMAN ZAƁIN ALLAH KAFIN A ƊAURA AURE

A wata unguwa da na taɓa zama an sa wa wata yarinya rana da wani saurayi mai sayar da yadi a kasuwa. An kai gaisuwar iyaye, an yi baiko, an raba goro da alewa, har dangin ango sun fara haɗa lefe. Ana saura wata biyu biki sai gwaggon yarinya, watau yayar mahaifinta, ta ce ita hankalinta ba zai kwanta ba sai an yi istihara. Ta karɓi sunan yarinya da na uwarta, da sunan yaro da na uwarsa, ta ƙulle 'yan kuɗi a bakin zane, ta nufi gidan wani malami a bayan gari. Bayan kwana uku ta komo, ta sami ƙanenta a zaure, ta ce masa, "Malam ya kwana a kan maganar nan, ya ce bai ga haske ba. Taurarinsu ba su haɗu ba. In an yi auren nan ɗayansu ba zai daɗe a duniya ba."

Uban yarinya ya sunkuyar da kai ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "To, Yaya, tun da haka ne a bar wa Allah." Kashegari aka mai da kuɗin mutane. Yarinya ta yi ta kuka har ta rame, saurayi ya kwashe kayansa ya koma wata kasuwa, gidaje biyu da suka shekara talatin suna zumunci suka daina ko gaisawa a hanya.

Ko da an yi wannan aure zai yi albarka ko ba zai yi ba, wannan sanin Allah ne. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, a cikin duk wannan kai da komowa, daga yarinyar har saurayin har shi uban, babu wanda ya yi alwala ya yi raka'a biyu ya roƙi Ubangijinsa zaɓi. An fasa aure da sunan istihara, alhali kuwa ba a yi istihara ba.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne ga masu karatunmu, ko a birni, ko a ƙauye, ko a zangunan Hausawa na Kudu. Kusan kowa ya san wani aure da aka fasa, ko wanda aka ɗaura a kan tilas, domin kawai an ce "Malam ya duba". Saboda haka muka ga ya kamata a wannan mako mu yi bayani a kan wannan addu'a mai girma, yadda ta zo daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da yadda ake yin ta, da kuma abubuwan da aka liƙa mata waɗanda ba nata ba ne.

Dalili kuwa, a cikin duk shawarwarin da mutum kan yanke a rayuwarsa da wuya a sami wadda ta kai ta aure nauyi. Wanda ya sayi gona ta ƙi yabanya ya iya sayar da ita ya sayi wata, wanda ya shiga sana'a ba ta karɓe shi ba ya iya sake wata. Amma wanda ya zaɓi mata ya zaɓar wa 'ya'yansa uwa ke nan, ya zaɓar musu kawunnai da kakanni. Ita ma mace in ta amince da miji ta amince da wanda cinta da suturarta da mutuncinta za su koma hannunsa, wanda kuma 'ya'yanta za su amsa sunansa har su mutu. Ga shi kuwa ana yanke wannan shawara ne a daidai lokacin da ido yake rufe, domin a wurin zance kowa kyakkyawan halinsa yake fito da shi, a ari riga a ari magana, so kuwa, in ji Hausawa, hana ganin laifi ne.

MA'ANARTA DA ASALINTA

Kalmar istihara Larabci ce, kuma tushenta ɗaya da kalmar da muka ara muke cewa alheri. Ma'anarta ita ce bawa ya roƙi Allah Ya zaɓa masa mafi alheri daga cikin abubuwa biyu, aikatawa ko bari.

Kafin zuwan Musulunci, Larabawa in za su yi aure ko tafiya ko fatauci sukan je wurin gunkinsu Hubal a Ka'aba, inda mai tsaron gunki yake ajiye da waɗansu kibau marasa tsini. Wata kibiya alamarta a yi, wata a bari, wata kuwa ba ta da alamar kome. Sai a zuba su a jaka a girgiza a zaro guda, abin da ya fito shi za a bi, in kuwa marar alama ce ta fito a sake girgizawa. Alƙur'ani mai girma ya haramta wannan al'ada a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, sa'an nan a aya ta 90 ta wannan sura ya jera ta tare da giya da caca da gumaka a cikin ƙazantar aikin Shaiɗan. To, da Musulunci ya rufe wannan ƙofa bai bar mutum yana dawurwura cikin ruɗu ba, sai ya buɗe masa wata wadda ba ta da mai tsaro, ba a kuma biyan ko anini kafin a shige ta.

Sahabin nan Jabiru ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labari cewa Annabi yana koya musu istihara a cikin dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, watau 870 Miladiyya, ya kawo wannan hadisi a cikin Sahihinsa, haka nan Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah. Mai karatu ya lura da wannan kamance da Jabiru ya yi. Sura dai kowa ake koya wa, namiji da mace, malami da manomi, domin kowa ya karanta da bakinsa a cikin sallarsa. Haka ita ma istihara aka koyar da ita.

YADDA AKE YIN TA

Idan mutum ya ƙudura niyyar neman wata, ko mace an zo neman aurenta, sai ya kyautata alwala ya yi salla raka'a biyu wadda ba farilla ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya ambata a littafinsa Al-Azkar cewa an so a karanta Ƙulya bayan Fatiha a raka'ar farko, Ƙulhuwallahu kuma a ta biyu, amma wanda ya karanta wata sura dabam sallarsa ta yi. Mafi yawan malamai sun ce bayan an yi sallama ne ake karanta addu'ar, a fara da godiya ga Allah da salatin Annabi, a rufe da su. In an zo wurin da ake ambaton bukata sai a faɗi abin da ake nufi, watau auren wance 'yar wane, ko auren wane ɗan wane.

Ba a ƙayyade mata dare ko rana ba, sai dai a guji lokutan da ba a yin nafila a mazhabarmu ta Malikiyya, watau bayan sallar Asuba har rana ta ɗaga, da bayan La'asar har a yi Magariba. Ba a sharɗanta farin tufafi ba, ko turare, ko kwana a kan buzu, ko daina magana da mutane. Macen da ba ta salla a kwanakinta na al'ada, in al'amari ya matso, ta iya yin addu'ar kaɗai ba tare da salla ba. Lafazin addu'ar gajere ne, yana cikin ƙananan littattafan addu'o'i da ake sayarwa a ƙofar kowane masallacin Juma'a, kuma duk malamin zaure ya iya biya wa mutum shi a zama ɗaya. Wanda bai hardace ba ya duba takarda ya karanta.

Ana yin istihara ne a kan abin da shari'a ta halatta. Babu ita a kan auren matar wani, ko wadda aka sha nono ɗaya da ita, ko shiga neman da wani ya riga ya yi aka kuma amsa masa, domin abin da Allah Ya riga Ya hana ba a komawa a tambaye Shi ko a yi.

Ko ana maimaita ta? Ana yi, tun da addu'a ce. Imamu Muslim ya kawo labarin Abdullahi ɗan Zubairu cewa sa'ad da Ka'aba ta ƙone a shekara ta 64 bayan Hijira, ya gaya wa mutane zai yi istihara har sau uku kafin ya yanke shawarar rushe ginin ya sake shi. Amma ruwayar da ake yawan ji ta cewa a yi sau bakwai, malaman hadisi sun raunana ta.

ABIN DA ADDU'AR TA ƘUNSA

Wanda ya fahimci ma'anar wannan addu'a ya fahimci istihara duka, saboda haka bari mu ɗan tsaya a kanta.

Farkonta iƙirari ne. Bawa yana neman zaɓi da sanin Allah, yana neman iko da ikon Allah, yana roƙon falalarSa mai girma, sa'an nan ya amsa da bakinsa cewa shi ba ya da iko, bai kuma sani ba, Allah ne Masanin gaibu. Wannan magana tana da nauyi ga saurayin da ya shekara yana zuwa zance, wanda yake ganin babu abin da bai sani ba game da yarinya. Ya san muryarta da dariyarta, amma bai san yadda za ta zama ran da kasuwa ta karye ba. Ita ma ta san kyautarsa da daɗin bakinsa, ba ta san yadda zai zama ran da ta kwanta ciwo wata shida ba. Wannan duk yana cikin gaibu.

Sa'an nan addu'ar ta kafa ma'auni uku da za a auna alheri da su, watau addini, da zaman duniya, da ƙarshen al'amari. Addini aka fara ambata, domin akwai auren da yakan kawo mota da gidan bene amma ya raba mutum da sallarsa ko da iyayensa. Ba a kuma manta da zaman duniya ba, domin Musulunci bai ce a yi aure a zauna da yunwa da zagi ba. Ƙarshen al'amari kuwa shi ne abin da mu mutane muka fi gaza hangowa. Mu ranar biki muke gani, da makaɗa da 'yan rakiyar amarya, Allah kuwa Yana ganin shekara arba'in da ke bayanta, da 'ya'ya da jikoki, da ranar tsayuwa a gabanSa.

Idan abin alheri ne, bawa yana roƙon abu uku, a ƙaddara masa shi, a sauƙaƙe masa shi, sa'an nan a sa masa albarka a cikinsa. Wannan na uku shi ne gishirin sauran. Sau nawa aka sami auren da aka ci wuya aka samu, aka kashe dukiya, amma gida ya zama kamar kurkuku saboda babu albarka?

Idan kuwa sharri ne, bawa ba ya tsaya ga roƙon a kawar masa da abin kaɗai, yana kuma roƙon shi ma a kawar da shi daga abin. Hikimar da ke nan babba ce. Yakan yiwu aure ya fasu amma zuciya ta ƙi saki, mutum ya auri wata yana tunanin waccan, mace ta tare a gidan miji zuciyarta tana wani gida, a zalunci wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka aka koya mana mu roƙi Allah Ya raba hanyar, Ya kuma cire ƙulafucin. A ƙarshe sai bawa ya roƙi a ƙaddara masa alheri duk inda yake, a kuma sa ya yarda da shi.

Duk wanda ya duba zai ga a cikin wannan addu'a babu inda aka roƙi Allah Ya nuna wani abu. Zaɓi aka roƙa, da sauƙi, da albarka, da yarda. Don haka malamai suka yi gargaɗi kada mutum ya shiga sallar ya riga ya gama yanke hukunci a zuciyarsa, yana jiran a sa masa hannu kawai. Son yarinya ba laifi ba ne, ba a kuma ce sai ya daina son ta ba, amma ya tsaya a gaban Ubangijinsa da gaskiyar cewa in an hana shi zai haƙura.

Akwai kuma wata ruwaya ta musamman a kan aure daga Abu Ayyubal Ansari, wadda Imamu Ahmad da Ibnu Hibban da Hakim suka kawo, inda aka umurci mai neman aure ya ɓoye niyyarsa tukuna, ya yi alwala ya yi salla, ya ambaci sunan matar, ya roƙi a ƙaddara masa ita in ita ce alheri a gare shi, in kuwa wata ce ta fi, a ƙaddara masa waccan. Malaman hadisi sun saɓa a kan ƙarfinta, saboda haka hadisin Jabiru shi ne madogara. Amma shawarar da ke cikinta ta hankali ce, a yi istihara tun magana ba ta fita ba, kada a bari sai an ci goron baiko.

MATA MA SUNA YI

Waɗansu suna zaton wannan aiki na maza ne, ko na iyaye. Tarihi bai nuna haka ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa sa'ad da aka kai wa Nana Zainabu 'yar Jahshi saƙon neman aurenta daga Annabi, ta amsa cewa ba za ta yanke kome ba sai ta nemi shawarar Ubangijinta, ta tashi ta nufi wurin sallarta. Imamu Nasa'i har babi ya ƙulla a littafinsa a kan sallar mace da istihararta idan an zo neman aurenta. Jama'a, in mai neman shi ne fiyayyen halitta amma duk da haka ta tashi ta yi salla, ina ga 'yarmu da wani ya tsayar da mota a bakin titi ya karɓi lambar wayarta?

BATUN MAFARKI

Babban kuskuren da ya yaɗu shi ne zaton cewa amsar istihara a mafarki take zuwa, in an ga fari ko kore ko ruwa mai gudu a yi, in an ga baƙi ko ja ko wuta a fasa. Babu ambaton barci ko mafarki ko launi a cikin hadisin ko kaɗan. Babban malamin Malikiyya Ibnul Hajji, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 737 bayan Hijira, ya yi suka a littafinsa Al-Madkhal ga masu yin istihara su zauna jiran mafarkinsu ko mafarkin wani. Wannan littafi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yawaita kafa hujja da shi a cikin Ihya'us Sunna. Mafarkin gaskiya yana nan, ba a musun sa, amma akwai kuma na Shaiɗan, akwai na zancen zuci. Wanda ya yini yana tunanin yarinya ya kwana ya gan ta cikin farin mayafi, bai ga kome ba sai abin da ya kwanta da shi.

To, yaya ake gane zaɓin? Imamu Nawawi ya ce bayan istihara mutum ya bi abin da ƙirjinsa ya buɗe gare shi. Waɗansu malamai kuma suka ce ko bai ji wani sauyi a zuciyarsa ba, ya ci gaba da abin da ya nufa, in alheri ne zai ga hanya tana buɗewa, in ba shi ba ne zai ga ta toshe ta inda bai zata ba. Sai dai a yi hattara, ba kowace wahala ce alamar hani ba. Tsadar lefe da tsegumin dangi abubuwa ne da kusan kowane aure yake gamuwa da su.

DUBA DA SUNAN ISTIHARA

Malamai sun saɓa a kan ko wani ya iya yi wa wani istihara. Waɗansu daga Malikawa da Shafi'awa sun halatta, bisa cewa taimakon ɗan'uwa ne da addu'a, waɗansu kuma sun ce mai bukata shi aka umurta, shi ya kamata ya yi. Amma ko waɗanda suka halatta, salla da addu'a suke nufi. Abin da gwaggon yarinyar nan ta je ta sayo wani abu ne dabam.

Alamominsa sanannu ne. Za a tambayi sunan uwa, a lissafa haruffan sunaye a ce taurari sun haɗu ko ba su haɗu ba, a buga ƙasa, a watsa wuri, a ja carbi a ga inda ya tsaya, sa'an nan a ba da labarin abin da zai faru, wance farar ƙafa gare ta, wane zai yi arziki, wance ba za ta haihu ba. Wannan duba ne ko da an yi shi a kan buzu da rawani, kuma bambancinsa da kiban Hubal kaɗan ne. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Shehu Usmanu ma a cikin Nurul Albabi ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari a cikin masu gauraya Musulunci da abin da ba shi ba. Bayan hatsarin da ke ciki ga imani, akwai zaluncin da ake yi wa bayin Allah. Yarinyar da aka ce tana da farar ƙafa, wa zai wanke ta a unguwa? Ba a kuma rasa inda mai kuɗi yake riga kowa zuwa gidan mai duban, a ga haske ya koma wajensa.

SHAWARA DA BINCIKE

Istihara ba ta ɗauke wa mutum wahalar bincike, tare suke tafiya kamar ɗan jumma da ɗan jummai. Fatima 'yar Ƙaisu ta je wurin Annabi ta gaya masa Mu'awiya da Abu Jahmi suna neman ta. Bai rufe ta ba, ya gaya mata ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya kuma sandarsa ba ta sauka daga kafaɗarsa, wanda malamai suka fassara da dukan mata ko yawan tafiya, ya ba ta shawara ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Da farko ba ta so ba, daga baya ta aure shi, ta kuma shaida da bakinta cewa Allah Ya sa alheri a ciki. Wannan labari yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim, kuma daga gare shi malamai suka fahimci cewa faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara nasiha ce, ba ya cikin giba. Maƙwabcin da aka tambaya ya ce "yaron kirki ne" alhali ya san shi da shaye-shaye, ya ci amana, kuma yana da kamasho a cikin duk hawayen da za a zubar a gidan nan.

Haka nan Annabi ya umurci Mugiratu ɗan Shu'uba ya je ya ga matar da yake nema, domin hakan ya fi sa zama ya ɗore. Ya kuma nuna cewa ana auren mace don dukiya ko asali ko kyau ko addini, ya yi horo da a riƙi mai addini, kamar yadda ya hori waliyyai su duba addinin mai nema da halinsa. A da, a garuruwanmu, bincike ba wuya, kowa ya san gidan kowa har kaka da kakanni. Yanzu kuwa a wurare irin su Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan, ko sababbin unguwannin Abuja da Kano, mutum yakan zo daga nesa shi kaɗai, wani ma a waya aka haɗu da shi. A nan tilas ne waliyyi ya tashi takanas ya je garin su mai nema, ya ga danginsa, ya tambayi limamin unguwarsu da abokan sana'arsa, in ya taɓa aure a ji yadda aka rabu. Ba a cinikin biri a sama.

A zamanin nan binciken ya haɗa har da asibiti. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kimanin 150,000 da cutar sikila, watau amosanin jini, kowace shekara a Nijeriya. Idan miji da mata duka biyu jininsu AS ne, su kansu lafiyarsu lau, amma kowane ciki da aka samu yana da hatsarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. A watan Mayu na shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure, wanda ya haɗa da na sikila da ƙanjamau da ciwon hanta. Wanda ya ce shi ya yi istihara saboda haka ba ya bukatar gwaji, ya tuna da mutumin da Annabi ya umurta ya ɗaure raƙumarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Sau da yawa ma takardar likita ita ce hanyar da Allah Yake kawar da abin da aka roƙe Shi Ya kawar. Abin da ya fi shi ne a yi gwajin da wuri, tun so bai yi jijiya ba.

GA IYAYE DA WALIYYAI

Uba ma ya kamata ya yi tasa istiharar a kan ba da 'yarsa, domin amana ce a wuyansa. Amma kada istihara ta zama sandar da za a kora yarinya da ita zuwa gidan da ba ta so. Gaskiya ne littattafan Malikiyya irin su Risala sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, sai dai malamai sun bayyana cewa an ba shi wannan iko ne don maslaharta, ba ya kuma da shi a inda cuta ta tabbata. Annabi ya yi umurni a nemi izinin budurwa, ya kuma warware auren Hansa'u 'yar Hizamu, bazawarar da ubanta ya aurar ba da son ranta ba, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Mafi kyawun gata da uba zai yi wa 'yarsa shi ne ya koya mata addu'ar tun kafin manema su fara sallama, ran da magana ta taso ya ce mata, "Uwata, je ki yi raka'a biyu, ni ma zan yi, sa'an nan mu zauna mu yi shawara."

IN AN YI KUMA ZAMA YA ƘI

Wani zai ce, ai ga wane ya yi istihara amma aurensa ya mutu. Haka ne, yakan faru. Istihara ba alkawari ba ce cewa ba za a saɓa ba, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Alherin da aka roƙa ya haɗa da na lahira da na ƙarshen al'amari, yana yiwuwa rabon ɗa nagari ne ya haɗa su, ko wani darasi, ko kariya daga abin da ya fi wannan muni. Aya ta 216 ta Suratul Baƙara ta tuna mana cewa mukan ƙi abin da yake alheri gare mu, mu so abin da yake sharri, aya ta 19 ta Suratun Nisa'i kuwa ta kawo irin wannan ma'ana a kan zaman aure kansa. Sa'an nan zaɓin Allah ba ya ɗauke wa miji ciyarwa da adalci, ba ya ɗauke wa mata haƙuri da riƙon amana. Wanda aka zaɓa masa gona mai kyau ya ƙi nomawa, kada ya ga laifin gona.

Saboda haka muna kira ga samari da 'yan mata, da zawarawa, da masu niyyar ƙari, kowa ya koyi wannan addu'a da bakinsa, ya san ma'anarta. Muna kira ga malaman Islamiyya da limamai su riƙa biya wa ɗalibai ita kamar yadda suke biya musu sura. Gwaggwanni da innoni kuma, waɗanda muka san ƙauna ce take kai su gidajen masu duba, su mai da kuɗin nan sadaka, su shimfiɗa dardumarsu su yi wa 'ya'yansu addu'a.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya sa albarka a gidajenmu, Ya ba marasa aure abokan zama nagari, Ya sa mu yarda da abin da Ya zaɓa mana, amin.